Rubutun Kunne

Mun ga ya kyautu mu kawo wata magana cikin wannan mujalla tamu, domin ta shafi kowane ɗayanmu da za a danƙa wa aji ɗaya ko aji biyu bayan ya bar kwaleji. Maganar kuwa ita ce, mene ne ya kamata malami ya yi in ƙaramin yaro ya kawo masa allo ko littafi, ya rubuta wata kalma yadda kunnensa ya ji ta, ba yadda ƙa'ida ta ce ba? Wanda bai taɓa tsayawa gaban aji ba zai ce ai wannan ƙaramin abu ne. Amma a nan ne sau da yawa ake rabuwa, wani yaro ya saki hannu ya yi ta rubutu har girmansa, wani kuwa ya noƙe, ya zama ba ya taɓa alƙalami sai in an ba shi abin da zai kwafa.

Bari mu fara da bayyana abin da muke nufi. Yaro yakan yi zane-zane a ƙasa ko jikin bango tun bai san baƙi ko ɗaya ba, wannan wasa ne mai kyau, amma ba shi muke nufi ba. Yakan kuma kwafi abin da malami ya rubuta a babban allo, harafi bayan harafi, ko da bai san abin da ya kwafa ba, wannan ma ba shi ba ne. Abin da muke nufi shi ne sa'ad da yaro ya san waɗansu baƙaƙe da wasula, yana da magana a bakinsa da yake so ya ajiye a takarda, ba wanda ya nuna masa yadda ake rubuta ta, sai ya faɗe ta a hankali, ya saurari kansa, ya zaɓi haruffan da ya ga sun dace. Masanan Turai da Amurka suna da sunan da suke kiran wannan da shi, ma'anarsa ƙagaggen rubutu. Mu dai mun fi so mu kira shi rubutun kunne, gama kunne ne malamin yaro a cikinsa.

Mun yi aikin gwajin koyarwa a waɗansu makarantun firamare na Gyaɗi-Gyaɗi da Tarauni, cikin ƙaramar hukumar Tarauni a Kano. Duk wanda ya san wurin ya san yaran can a cikin rubutu suke tashi. Daga gida zuwa makaranta yaro zai wuce allunan shaguna, da na masu sayar da magani da ke kewaye da Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano a kan titin Zariya, da tallan wayoyi na kasuwar Farm Centre, da karin maganar da ake rubutawa a bayan a-daidaita-sahu. Da yamma ko da asuba kuma yawancinsu suna zuwa makarantar allo ko Islamiyya. Saboda haka ba su zo aji da kai fayau ba, sun zo da haruffa iri biyu da harsuna uku suna yawo a kansu. Abin da muka riƙa yi shi ne, mu ce kowa ya zana abin da ya gani a hanya, sa'an nan ya rubuta sunansa a ƙarƙashi yadda ya iya, ba tambayar malami, ba leƙen maƙwabci. Da muka tara abin da suka rubuta muka zauna muka duba, sai muka ga kurakuran ba barkatai suke ba, kowanne yana da dalili, kuma dalilan suna maimaita kansu daga aji zuwa aji.

Na farko, mafi ƙanƙanta cikinsu sukan ba kowace gaɓa harafi ɗaya. Mota ta zama MT, kasuwa ta zama KSW, Baba ya zama BB. Wanda ya yi karatun allo ba zai yi mamakin wannan ba, domin a can ma da babbaƙu ake farawa, yaro ya yi ta rera alu, ambaki, wau, zal, sai ya ƙware sa'an nan a kai shi farfaru a sa masa wasali. Waɗansu kuma wasulan suke kamawa su bar baƙaƙen, su rubuta OA suna nufin mota. Ko wanne aka ɗauka, yaron ya riga ya gano babban abu, watau kalma tana da gaɓoɓi, ana iya ƙirga su, kuma kowace gaɓa tana neman alamarta. Manya ma ba su bar wannan hanya ba, gama duk mai waya ya sha samun saƙo an rubuta masa slm, ko lfy, ko ykk, ya kuwa karanta ba tare da ya yi gardama ba.

Na biyu, yaran da aka koya wa sunayen haruffa da Turanci sukan ɗauki sunan harafi a maimakon sautinsa. Mun ga an rubuta KK a ƙarƙashin hoton keke, domin sunan harafin da Turanci ke ne, in ka faɗe shi sau biyu ka sami keke. Mun ga BRI a maimakon biri, da IKI a maimakon aiki, don sunan wancan wasali da Turanci ai ne. Wannan ya nuna wa malami abin da zai gyara a koyarwarsa, watau ya fi ba da ƙarfi ga sautin harafi bisa sunansa.

Na uku, sukan zubar da n ko m in ta zo a ƙarshen gaɓa, su kuma rubuta baƙi ɗaya inda ake ninka shi. Ganga ta zama gaga, tambaya ta zama tabaya, hannu ya zama hanu, babba ya koma baba. Dalili shi ne sautin hanci yana narkewa cikin baƙin da ke biye da shi, harshe ba ya motsawa sau biyu, yaro kuwa motsin bakinsa yake bi. Akwai kuma inda kunnen yaro ya fi ƙa'ida bin lafazi. Wata yarinya ta rubuta gidam Musa, wani yaro ya rubuta rigas Sani. Ku faɗi waɗannan da bakinku yadda muke faɗa a Kano, za ku ji abin da suka rubuta shi ne ke fita. Ƙa'ida ta ce a rubuta gidan da rigar, don kalma ta tsaya da kama ɗaya ko me ya biyo ta, wannan kuwa shawara ce mai kyau da masana suka yanke, amma yaro ba zai same ta da kunne ba, sai an koya masa.

Na huɗu, haruffa masu ƙugiya. Yaro Bahaushe ba ya taɓa rikita ƙafa da kafa a bakinsa, ko ɓata da bata, ko baƙi da baki. In bai san ƙugiya ba sai ya nemi dabara. Mun ga wanda ya maimaita alli a kan harafin har ya yi kauri, da muka tambaye shi ya ce wannan mai ƙarfi ce. Mun ga wanda ya sa q, kamar yadda ya ga yayyensa suna yi a waya. Haka kuma f ta Kano, da yake da leɓɓa biyu muke furta ta, waɗansu sukan rubuta ta da p, su ce pita ko Patima. Yaran da iyayensu suka zo daga wajen Sakkwato ko Katsina sukan rubuta tahi a maimakon tafi, domin haka ake faɗa a gidansu. Malamin da ya zage su a kan wannan, harshen uwayensu ya zaga.

Na biyar, tsawon wasali. Wani yaro ya zana buhu ya rubuta gaari a ƙarƙashinsa, muka ce me ya sa a biyu, ya ce ai in ɗaya ce gari ne na mutane. Ku duba fa, rubutun boko bai bambanta garin tuwo da garin Kano ba, alhali ajami yana nuna ja da alif da wau da ya. Yaron nan ya ji abin da ƙa'idarmu ta kau da kai daga gare shi don sauƙi. Za mu koya masa ya rubuta gari, amma ba daidai ba ne mu bar shi yana zaton kunnensa ya yi ƙarya.

Har sunayen unguwanninsu sun ba su aiki. Tarauni ta fito Taroni, ta fito Tarawuni. Gyaɗi-Gyaɗi kuwa ta fito Giyadi, ta fito Gadigadi, gama gy sauti ɗaya ne da ake rubutawa da haruffa biyu, ga ƙugiya, ga karan ɗori a tsakani. Kafin mu yi musu dariya sai mu tuna allunan kan titi da takardun ofis su ma ba su cika sa wa sunan ƙugiyarsa ba.

To, in mun waiwayi tarihin rubutun Hausa, za mu ga manyan da suka fara shi rubutun kunne suka yi. Malamanmu na dā sun ɗauki haruffan Larabci suka ɗora wa Hausa, alhali Larabci ba shi da ɓ, ba shi da c, ba shi da ts, ba shi da wasalin e ko o. Kowane malami ya nemi harafin da ya fi kusa, ko ya ƙara ɗigo, har ya zama rubutun wannan gari ya ɗan saɓa da na wancan. Da wannan ajami ne aka adana waƙoƙin Nana Asma'u, wadda ta rasu a 1864, da na sauran malaman Sakkwato, ba wanda kuwa ya ce su dakata sai an kafa hukumar ƙa'ida. Da Turawa suka zo su ma haka suka yi. James Schön, wani Bajamushe ɗan mishan wanda ya buga ƙamus na Hausa a 1876, bai taɓa zama a ƙasar Hausa ba, yawancin abin da ya samu daga bakin Dorugu ne, yaron da Heinrich Barth ya tafi da shi Turai. Charles Robinson, wanda ƙamusunsa ya fara fitowa a 1899, ɗigo ya riƙa sawa a ƙarƙashin harafi don nuna sautunan da muke yi wa ƙugiya yanzu. Hanns Vischer, watau Ɗan Hausa, wanda ya buɗe makarantarsa a Nasarawa ta Kano a 1909, tafiya kaɗan daga Tarauni, ya fito da ƙa'idojinsa na rubutun Hausa a 1912. Ƙugiya ba ta zauna ba sai a shekarun 1930, zamanin da Rupert East yake shugabantar ofishin fassara da talifi a Zariya, daga nan littattafai da jaridar Gaskiya Ta Fi Kwabo, wadda aka fara a 1939, suka bazu da ita. Bayan haka aka kafa Hukumar Harshen Hausa a 1955, aka yi taron Bamako a 1966, aka yi na Yamai a 1980 don daidaita rubutun Nijeriya da na Nijar. Wanda ya buɗe tsofaffin littattafan Zariya zai ga an raba ya ke da su ke, yau kuwa haɗe su muke yi. Waɗansu kurakuran kunnen baƙi ma sun zama sunan hukuma, shi ya sa Sakkwato take Sokoto a taswira, Tasawa take Tessaoua, Tawa take Tahoua. In manyan masana sun yi shekaru fiye da ɗari suna laluben yadda za a rubuta harshen nan, bai kamata mu ɗauki bulala don ɗan shekara shida bai same shi cikin wata uku ba.

Masanan tarbiyya na waɗansu ƙasashe sun daɗe da lura da wannan. Maria Montessori, likita 'yar Italiya, ta buɗe gidan yara a wata unguwar talakawa ta birnin Rum a 1907, ta koya musu sautin haruffa suna shafa su da yatsa, sai ta ga sun ɓarke da rubutu a ƙasa da bango tun kafin su iya karanta rubutun wani. A 1971 wani masanin harshe a Amurka, Charles Read, ya buga binciken da ya yi kan rubutun yaran da ba su shiga firamare ba. Ya tarar yaran da ba su san juna ba suna yin kurakurai iri ɗaya, suna amfani da sunan harafi, suna zubar da sautin hanci kafin baƙi, daidai da abin da yaran Gyaɗi-Gyaɗi suka yi wa ganga da tambaya. A wannan shekara kuma Carol Chomsky ta yi rubutu tana ba da shawara a bar yaro ya fara da rubutu, karatu ya biyo baya. Emilia Ferreiro da Ana Teberosky, 'yan Ajantina, sun fitar da littafinsu a 1979, suka nuna yara masu jin Sifaniyanci suna bi ta matakin harafi ɗaya ga gaɓa ɗaya, su dai sun fi kama wasula. A Kanada, Gene Ouellette da Monique Sénéchal sun yi gwaji a 2008 da yaran ajin share fage. Aka bar wani rukuni suna rubuta kalmomi da kunnensu, kowane lokaci kuma a nuna musu rubutun da ya ɗara nasu da mataki ɗaya, bayan 'yan makonni suka fi sauran rukunan saurin koyon karanta sababbin kalmomi. A 2017 suka sake buga wani bincike da ya bi yara daga share fage zuwa aji ɗaya, suka ga ingancin rubutun kunnen yaro yana nuna yadda karatunsa zai kasance daga baya.

Dalilin haka ba boyayye ba ne. Yaro yana iya yaudarar malami a karatu. Zai haddace shafi da ka, ya bi da yatsa yana rerawa tare da 'yan aji, ko ya dubi hoton akuya ya ce akuya. A rubutun kunne babu wannan mafaka. In zai rubuta tattabara, dole ya tsinka ta gaɓa-gaɓa, ya tsinka kowace gaɓa zuwa baƙi da wasali, ya tuno harafin kowanne, ya jera su daga hagu zuwa dama. Wannan tsinkawa ita ce ainihin abin da mai karatu yake bukata, sai dai shi haɗawa yake yi. Ga malami kuma wata riba, domin allon yaro yana gaya masa inda yaron ya tsaya. Mai rubuta MT yana bukatar wasula, mai rubuta hanu yana bukatar a nuna masa ninki, mai rubuta yaje a haɗe yana bukatar rabon kalmomi. Wanda ya kwafa daga babban allo ba kuskure, ba mu san kome game da kansa ba sai kyan hannu.

Mu masu koyar da Hausa mun fi masu koyar da Turanci sa'a a nan. A Turanci sauti ɗaya yana da rubutu iri-iri, harafi ɗaya yana da lafazi iri-iri, yaro zai yi shekaru yana haddar kalmomi ɗaya-ɗaya. A Hausa wasula biyar ne, kusan kowane baƙi sautinsa ɗaya, gaɓa kuma ba ta wuce siga uku, ko baƙi da gajeren wasali, ko baƙi da dogon wasali ko tagwai, ko baƙi da wasali da baƙi. Saboda haka tazarar da ke tsakanin rubutun kunne da rubutun ƙa'ida gajeriya ce ƙwarai. In yaro ya san sautin haruffa, ya san ƙugiya da ninki da sh da ts da ky da gy da 'yan'uwansu, ya kuma koyi rabon kalmomi, ya gama yawancin tafiyar.

Mun san akwai masu ja da wannan magana, cikinsu har da dattawan malamai da muke girmamawa. Suna cewa icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi, in ido ya saba da kuskure hannu ba zai rabu da shi ba. Lalle maganarsu tana da ƙamshin gaskiya, kuma an ga misalinta. A 1987 jihar Kalifoniya ta Amurka ta ɗauki wata hanyar koyarwa da ta rage koyar da sautin haruffa da ƙa'idar rubutu filla-filla, ana zaton yara za su tsinta da kansu cikin littattafai. Da sakamakon jarrabawar karatu ta ƙasa na 1994 ya fito, jihar tana cikin na can ƙasa, mutane da yawa suka ɗora laifin a kan wannan hanya, aka komo ga koyar da sauti da ƙa'ida. A 2000 wani kwamitin ƙasa a Amurka ya duba bincike masu yawa, ya tabbatar koyar da sautin haruffa bi da bi yana taimakon yara. Abin da muka fahimta daga nan shi ne rubutun kunne ba ya maye gurbin koyarwa. Yaron da ba a koya wa haruffa ba ba shi da abin da zai ƙaga da shi, wanda kuma aka bari ba gyara zai daɗe a inda yake. Hausawa sun ce da rarrafe yaro kan tashi, amma ba uwar da take murna ta ga ɗanta yana rarrafe yana da shekara huɗu. Tana yi masa tatata, tana miƙa masa hannu, tana ja da baya kaɗan-kaɗan.

Akwai wani wuri kuma da ya wajaba mu bambance, don kada iyaye su yi mana mummunar fahimta. Abin da ake rubutawa a allon makarantar Alƙur'ani ba a ƙaga shi, ba a rage masa ɗigo, malami yakan duba ya gyara kafin a biya, haka kuwa ya kamata. Yaro yana ɗauke da wannan ladabi zuwa ajinmu, har waɗansu suna tsoron sa alli in ba su tabbata ba. Sai mu gaya musu a fili, wancan maganar Allah ce ana kiyaye ta harafi da harafi, wannan kuwa labarinka ne na akuyar gidanku, kai ne mai shi, rubuta yadda ka ji, za mu gyara tare.

Ga yadda muka ga abin yana yiwuwa, ko da aji ya cika maƙil, ko da babu littattafai. Kowace rana malami ya koyar da sautin harafi ɗaya ko biyu sosai, da Hausa, a haɗa su cikin gaɓoɓi. Sa'an nan ya ware kamar minti goma, kowane yaro ya rubuta kalma ko jimla tasa a allo, ko a bayan tsohuwar takarda, ko a ƙasa in ta kama. Malami ya zaga, kada ya ce me ka rubuta nan da murya mai tsoratarwa, sai ya ce karanta mini. In yaro ya karanta, malami ya fara da nuna abin da ya samu daidai, ya ce lalle na ji m ɗin nan, na ji t ɗin nan. Daga nan ya rubuta kalmar yadda take a ƙarƙashin ta yaron, ba tare da ya soke tasa da jan biro ba, ya ce duba, me ke cikin tawa da babu a taka? Gyara ɗaya ya isa a rana ɗaya. Wanda ba a kai gare shi yau ba a kai gobe, a kuma zaɓi rubutu biyu ko uku a gyara su a babban allo tare da dukan aji, ba tare da an ambaci mai shi ba. A ware wani lokaci dabam na shifta, inda ake neman ƙa'ida sak a kan kalmomin da aka riga aka koyar, yara su san bambancin lokutan nan biyu. In an kai aji uku sai a riƙa ƙara matsa ƙa'ida, duk abin da za a liƙa a bango ko a kai gida a gyara shi tukuna. Iyaye kuma a yi musu bayani tun farkon shekara, don kada uba ya buɗe littafi ya ga hanu ba a soke ba ya ce malamin nan bai san aikinsa ba.

Wannan duka yana da sharaɗi guda mai nauyi a kanmu. Malamin da zai ja yaro daga kunne zuwa ƙa'ida dole shi kansa ya san ƙa'idar. In mu ɗaliban kwaleji muna rubuta qasa da xan a waya har hannunmu ya saba, muna haɗa ya da je, muna barin ƙugiya don gaggawa, da me za mu gyara wa yaro? Yaro yana da uzuri, gama bai sani ba tukuna. Mu ba mu da shi.

Abin da ya sa muka tsawaita shi ne lamarin ba na wasa ba ne. Gwajin karatun ƙananan azuzuwa da aka yi a jihohin Bauci da Sakkwato a 2013 ya nuna yawancin yaran aji biyu ba su iya karanta ko kalma ɗaya ta Hausa ba, alhali da ita suka tashi. A 2024 gwamnatin Kano ta ayyana dokar ta-ɓaci a kan ilimi. Manufar ilimi ta ƙasa ta 1977 ta ce a fara koyar da yaro da harshen uwa ko na unguwarsa, a 2022 gwamnatin tarayya ta amince a kai shi har ƙarshen firamare, a watan Nuwamba na 2025 kuma ministan ilimi ya ba da sanarwar soke wannan a koma Turanci. Wannan shawarar manya ce, ba a ajinmu ake yanke ta ba. Amma ko da wane harshe aka ce a koyar da lissafi da kimiyya, yaron Tarauni da Hausa yake jin sauti, a cikinta zai fi saurin gane cewa magana tana tsinkuwa, harafi kuma yana riƙe sauti. In ya gane wannan sau ɗaya ba sai ya sake gano shi a Turanci ba, ɗauka zai yi ya tafi da shi. Gwajin da Babs Fafunwa ya jagoranta a Ife daga 1970, inda aka koyar da yara da Yarbanci shekara shida, ya nuna ba su gaza 'yan'uwansu a Turanci ba.

Saboda haka muna roƙon 'yan'uwanmu da za su fita gwajin koyarwa nan gaba, kowa ya ajiye ɗan littafi ya riƙa kwafe irin rubutun kunnen da ya gani, da ajin yaron, da garin da iyayensa suka fito in ya sani, ba tare da sunansa ba. Wanda aka tura Katsina ko Zariya ko Haɗeja zai ga abin da mu ba mu gani ba a Kano, domin karin harshe ya bambanta. In muka tara muka kawo wa malamanmu na sashen Hausa, za a iya fitar da jerin wuraren da yaranmu suka fi tuntuɓe, a san abin da za a fara koyarwa da abin da za a jinkirta. Wanda kuma yake ganin mun karkace, shafin nan a buɗe yake, ya rubuto a fitowa ta gaba mu ƙaru da shi.

Allah ya ba mu haƙurin sauraron yara, ya sa mu zama masu amfani gare su.